Yadda ake kai gyara zuwa tsofaffin rassan FreeBSD

A FreeBSD, wanda tsarin gudanar da kwamfuta ne, ana ajiye lambobin manhajar a rassa daban-daban, kuma duk wani sabon aiki yana fara shiga ne ta babban reshen da ake kira main, amma galibin kwamfutocin da ke ɗauke da aikin jama'a ba a kansa suke tafiya ba. Suna kan rassan stable, waɗanda ake yankowa daga main, irin su stable/14, ko kuma rassan releng da aka yanko daga jikinsu domin kowane fitowa, masu suna irin releng/14.1. An fitar da FreeBSD 13.0 a watan Afrilun 2021, sannan 14.0 a watan Nuwamban 2023, kuma an yi wa kowane ɗayan rassansu biyu, stable/13 da stable/14, alkawarin kulawa ta shekara 5, kafin a rage wa'adin zuwa shekara 4 daga reshe na 15. Wanda ya zauna a tsohon reshe ya zaɓe shi ne domin ba ya son abubuwa su sauya masa ba shiri, saboda haka abin da ake kai masa shi ne gyaran da ya zama dole, gwargwadon buƙata kawai.

Da farko, ka tabbatar gyaran ya shiga main kafin ko'ina. Idan ka fara da tsohon reshe, matsalar za ta sake ɓullowa ranar da mutane suka ɗaga zuwa sabon fitowa. A cikin bayanin da ke rakiyar gyaran akwai layin "MFC after:" (MFC shi ne sauko da gyara daga main zuwa reshen stable), inda ake rubuta tsawon lokacin da za a jira kafin a sauko da shi ƙasa. Mafi ƙarancin jira shi ne kwana 3, amma gyaran da ya taɓa tsarin adana fayiloli ko hanyar sadarwa ya cancanci mako biyu ko wata guda, domin a wannan tsakanin ne masu gwada main suke gano abin da ya ɓuya wa marubucinsa.

Kafin ka ɗauki komai, ka duba ko matsalar tana nan a tsohon reshen tun asali. Sau da yawa kuskuren ya shigo ne tare da wani aiki da aka yi bayan an yanke reshen, don haka babu abin gyarawa a can. Umarnin git log da git blame a kan fayil ɗin da abin ya shafa za su nuna maka lokacin da layin ya shigo.

Tun da aikin FreeBSD ya koma Git, manhajar da ke adana tarihin sauye-sauye, a watan Disamban 2020, ana sauko da gyara ne da umarnin git cherry-pick -x tare da lambar gyaran. Kada ka bar wannan -x ɗin, domin shi ne yake rubuta asalin inda gyaran ya fito, kuma da shi wanda zai zo bayanka zai gane abin da aka kai da wanda ya rage. Ka fara da reshe mafi sabo, sannan ka gangara zuwa wanda ya girme shi.

Inda aikin yake da wuya shi ne lokacin da gyaran ya ƙi zama saboda fayil ɗin ya bambanta da na main. A nan mutum yakan ji kamar ya kwaso duk sauye-sauyen da suka gabace shi domin komai ya daidaita, kuma a ganina wannan ita ce hanya mafi haɗari, garin neman gira a rasa ido. Gara ka sake rubuta gyaran da hannu daidai da tsohon tsarin, ka kuma bayyana a cikin bayaninsa inda ya saɓa da na asali. Ka kula ƙwarai da alkawarin da reshen stable ya ɗauka, cewa manhajar da aka harhaɗa a farkon reshen za ta ci gaba da aiki a kan fitowar da ta biyo baya. Ƙara gurbi ɗaya a tsakiyar wani tsarin bayanai na kernel, wato zuciyar tsarin da ke sarrafa na'urori, ya isa ya sa direban na'ura da wani ya harhaɗa tuntuni ya karanta wurin da ba daidai ba, kwamfutar ta tsaya cak. Saboda haka ne ake barin guraben ajiya a wasu tsare-tsaren tun kafin a yanke reshe, kuma su ya kamata ka yi amfani da su.

Bayan haka sai gwaji a kan reshen kansa, da umarnin make buildworld da make buildkernel da ke harhaɗa tsarin gaba ɗaya, sannan ka tayar da kwamfuta da abin da ka harhaɗa, ka maimaita abin da ke haddasa matsalar. Nasarar gwaji a main ba ta wadatar ba, tunda tsohon reshe yana iya kasancewa da tsohon Clang, wato manhajar da ake harhaɗawa da ita, da tsofaffin ɗakunan manhaja.

Idan ana shirin sabon fitowa kuma an rufe reshe, sai da amincewar tawagar da ke kula da fitarwa za ka shigar da gyara. Rassan releng kuwa, bayan an fitar da su, tawagar tsaro ce ke taɓa su, ta hanyar sanarwar tsaro ko sanarwar gyaran kuskure, waɗanda masu amfani suke karɓa da umarnin sabuntawa na freebsd-update. Idan kana ganin gyaranka ya kai wannan matsayi, ka aika musu da bayanin matsalar da yadda ake maimaita ta. Reshen da wa'adinsa ya ƙare, kamar stable/12 da aka daina kula da shi a ƙarshen Disamban 2023, ba ya samun irin waɗannan sanarwowin, don haka wanda ya kawo maka ƙorafi daga can, ka nemi ya turo sakamakon umarnin freebsd-version -ku, wanda ke nuna fitowar da yake kai, sannan ka nuna masa reshen da zai koma.