Neman Ɗan Jagora a Kiyoto ga Mai Zuwan Farko

Kiyoto ta kasance mazaunin sarkin Japan daga 794 zuwa 1868, kuma a 1994 UNESCO ta sa wurare 17 na birnin da kewayensa cikin kayan tarihin duniya. Abin da ke wahalar da baƙo shi ne wuraren kallo a warwatse suke. Wurin bauta na Kinkaku-ji mai rufin zinariya yana arewa maso yamma, na Kiyomizu-dera a gabas kan tudu, na Fushimi Inari a kudu, dajin gora na Arashiyama can yamma. Saboda haka duk ɗan jagoran da ya yi maka alkawarin wuri shida ko bakwai a yini ɗaya, kujerar mota ya sayar maka. Wuri uku sun isa, huɗu idan suna kusa da juna.

Ka fara nema tun kana Birnin Kebbi ko Gusau, kafin ka miƙa takardunka na neman bizar Japan, domin cikin takardun biza akwai jadawalin inda za ka kasance kowace rana. Idan za ka yi magana da jagora ta waya, ka tuna agogonsu ya riga namu da awa 8. Ƙarfe 8 na safe a Argungu, ƙarfe 4 na yamma ne a can.

'Yan jagora iri uku ne. Akwai na babbar mota, irin na kamfanin JTB, da ke kwasar mutane da yawa. Ba su da tsada sosai, amma lokaci a hannunsu yake, ba za a tsayar da mota don ka yi azahar ba. Akwai 'yan sa-kai, yawancinsu ɗalibai da dattawan da suka yi ritaya, waɗanda hukumar yawon buɗe ido ta JNTO ke da jerin ƙungiyoyinsu. Ba sa karɓar ladan aiki, sai dai kuɗin motarsu da na shiga wurare da abincinsu a kanka suke, kuma sai ka nema da makonni. Na uku shi ne jagora naka kai kaɗai ko da iyalinka, wanda ake ɗauka na awa huɗu zuwa takwas ta shafukan intanet irin su Viator, GetYourGuide ko Klook. Ga Musulmi mai zuwan farko, wannan ya fi, ko da na rana ɗaya ne.

A nan sai an lura. Tun Janairun 2018 dokar Japan ta ba wanda ba shi da lasisi damar yin jagora a biya shi. To ka tambaye shi kai tsaye ko yana da lasisin gwamnatin ƙasa, ko shaidar da birnin ke bayarwa mai suna Kyoto City Visitors Host. Marar lasisi ba lalle ya zama mazambaci ba, amma mai shi ya ci jarrabawar tarihi da harshe. Ka kuma karanta ra'ayoyin waɗanda suka ba shi tauraro biyu ko uku, su ne ke faɗin gaskiya.

Kafin ka biya, ka rubuta masa ka ji: mutum nawa ne a tawagar, kuɗin shiga da na jirgin ƙasa suna ciki ko a'a, a wace ƙofa za a haɗu, kuma zuwa yaushe za ka iya fasawa a mayar maka da kuɗinka. Maganar ƙofa ba wasa ba ce. Tashar jirgin Kiyoto gari guda ce, ɓangaren tsakiya daban, ɓangaren Hachijo daban, kuma Bajafane idan ya ce ƙarfe 9, ƙarfe 9 yake nufi. Tawaga ba ta jiran wanda ya makara. Idan ka rikice, ofishin bayani na baƙi yana hawa na biyu a tashar.

Sai batun addini, wanda gara a faɗe shi tun farko. A wuraren bautar Shinto, addinin gargajiya na Japan, jagora yakan nuna wa baƙi yadda ake wanke hannu, a rusuna, a tafa. Ka sanar da shi kallo kawai za ka yi, ba zai ji haushi ba. Abinci ma haka: cewa "ban da alade" bai wadatar ba, domin romon taliyar ramen sau da yawa na ƙashin alade ne, kuma ana zuba mirin da sake, masu giya, cikin miya. Ka ce ya saka gidan abincin halal cikin tsarin, da lokacin sallah. Akwai masallaci a birnin.

Wajen biya, katin naira yakan ƙi wucewa a shafukan waje, katin asusun dala ya fi tabbas. Ka riƙe takardun yen, kuɗin Japan, a aljihu, wasu wuraren ba sa karɓar kati. Ba a ba da tukuici a Japan, kada ka matsa wa jagora.

Lokacin furen sakura, ƙarshen Maris zuwa farkon Afrilu, da rabin ƙarshe na Nuwamba, cunkoson ya yi kama da bakin Matan Fada ranar bikin kamun kifi na Argungu. Idan a lokacin za ka, ka kama jagora da wata biyu ko uku, ku fito da sassafe: Kiyomizu-dera na buɗewa ƙarfe 6, Fushimi Inari kuwa ba a rufe shi, ba a kuma biyan ko sisi. Ka sa takalmi mai sauƙin cirewa da safa marar huji, don a gidan sarautar Nijo, wanda aka gina a 1603, sai an tuɓe takalmi. A unguwar Gion kuma, kada ka ɗauki hoto a lungunan da aka kafa allon hana hoto, tarar yen 10,000 ce.