Darasi na Bakwai: Ƙarfi ko Girman Tsoka?

Masu ɗaga ƙarfe kashi biyu ne. Akwai mai neman ƙarfi, burinsa ya ɗaga nauyin da bai taɓa ɗagawa ba. Akwai kuma mai ginin jiki, shi so yake ƙirji ya buɗe, damtse ya cika, kafaɗa ta yi faɗi. Sabon shiga yakan rasa wanda zai bi, domin kowa cewa yake hanyarsa ce daidai.

Mai neman ƙarfi da doguwar sandar ƙarfe yake aiki. Ita kaɗai nauyinta kilo 20 ne, ta mata kuma kilo 15, kafin a zura mata fayafai. Manyan motsinsa uku ne: tsugunno da sanda a kafaɗa, tura sanda daga ƙirji yana kwance a benci, da cicciɓo ta daga ƙasa har ya miƙe. Yakan loda nauyi sosai, ya ɗaga sau 3 zuwa 5, ya huta minti 3 ko fiye. Wannan ɗagawa a jere kafin hutu ita za mu kira zubi ɗaya.

Mai ginin jiki yakan rage nauyi, ya ɗaga sau 8 zuwa 12, hutunsa bai cika wuce minti 2 ba, kuma kowace tsoka da motsin da ya ware mata.

To, wanne ya fi sa tsoka girma? Bincike ya nuna tsoka tana girma ta duka hanyoyin biyu, muddin zubin ya wahalar da ita, wato ka tsaya alhali ɗagawa ɗaya ko biyu kawai ta rage maka. Yawan aikin ma yana da muhimmanci: kamar zubi 10 a mako ga kowace tsoka. A nan ne mai ginin jiki ya ɗan yi gaba. Zubi 10 da nauyi mai tsanani yana cin lokaci, yana gajiyar da gwiwa da ƙugu, amma da matsakaicin nauyi an fi gamawa cikin sauƙi. Ga shi kuma manyan motsin nan uku ba sa taɓa sha-raɓa da gefen kafaɗa yadda ya kamata.

Duk da haka, shawarata ga sabon shiga, namiji ko mace, ita ce ya fara da sanda. Motsi ɗaya yana aikatar da cinya, ƙugu da gadon baya gaba ɗaya, kuma ci gaban a fili yake. A makonnin farko za ka ji ƙarfi ya ƙaru amma jiki bai sauya ba. Kada ka karaya. Ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ne suke koyon aikin, girman tsoka sai daga baya.

Ka koyi tsugunno da sanda zalla tukuna. Ware ƙafafu daidai faɗin kafaɗa, ja numfashi, ɗaure ciki, sauka a hankali har cinya ta kwanta, dunduniya na manne da ƙasa, baya bai lanƙwashe ba. Ran da ka gama zubinka tsaf, sai ka ƙara kilo 2 da rabi a fita ta gaba. Bayan manyan motsin, ka ƙara biyu ko uku masu sauƙi don damtse da kafaɗa. Turin benci kuwa, kada ka yi shi da nauyi sai da wani tsaye a kanka.

Tsokar da ta sha aiki a ba ta kwana biyu ta huta, a yi barci awa 7 ko fiye, a ci abinci mai gina jiki. Allurai da ƙwayoyin kumbura tsoka suna lalata zuciya da hanta, ka nisance su. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ya ga likita kafin ya fara.

Aikin gida: Samu ƙaramin littafi, ka riƙa rubuta kwanan wata, sunan motsi, nauyi, da sau nawa ka ɗaga. Sannan ka amsa wannan: sanda mai kilo 20, an zura mata faifai mai kilo 10 a kowane gefe. Kilo nawa ke nan? Idan an ƙara kilo 2 da rabi, nawa ya zama?