Kafin ku sayi ƙaramar kyamarar aljihu

'Yan'uwa, ga shawara ga mai son sayen ƙaramar kyamara ta hannu, wato wadda aka taɓa amfani da ita, musamman idan Sallah ta gabato.

Kada yawan megafiksel, wato adadin 'yan ɗige-ɗigen da ke haɗa hoto, ya ruɗe ku. Ku fara duba idon kyamarar: ku kunna, ku kashe, sau biyar ko shida a gaban mai shago. Idan idon yana fita da ƙara kamar ana niƙa yashi, ku ajiye masa kayansa. Tawa haka ta yi mini a Ƙofar Soro ranar hawan Sallah, dawaki na tahowa, ido ya maƙale rabi waje rabi ciki. Ƙura ce ta cika shi. Wallahi har yau abin yana mini ciwo.

Ku ɗauki hoton farin bango, ku duba ko akwai ɗigon baƙi.

Sai batir da caja, a haɗo muku da su, don na tsofaffin kyamarori wuyar samu gare su. Ku tambayi irin memorin da take ci. Wasu tsofaffin Sony ba sa karɓar SD, Memory Stick suke ci.

Lokacin hunturu kuwa, jaka mai zif ita ce gidanta.