Yadda Za a Bincika Kuɗin Tsaron Tsofaffin Shugabanni

Mazaunin Zariya da ke son sanin abin da ake kashewa wajen gadin tsofaffin shugabannin ƙasa, ya rubuta takarda zuwa Ofishin Sakataren Gwamnatin Tarayya a Abuja, ya kafa hujja da Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011. Ya ambaci shekarar da yake nufi, ya nemi adadin jami'ai da motoci, sannan ya adana kwafi mai hatimin karɓa, domin dokar ta ba hukuma kwana 7 ta amsa, kuma idan ta ƙi, kotu ce mataki na gaba. Amma neman sanin harajin da wani ke biya ta wannan hanya ya fi wuya, saboda dokar ta kare bayanan harajin mutum, ko da attajiri ne.