Darasi na 9: Zafin teku da hasashen damina

Jama'a darasin yau na ruwan teku ne, duk da mu nan Maradi Gulbi kaɗai muka sani, shi ma sai damina yake kawo ruwa. To mi ya haɗa mai gonar hatsi a Tibiri ko Madarunfa da tekun Pasifik?

A tsakiyar tekun nan akwai wani yanki mai faɗi da ruwansa ke ɗumi ya kuma yi sanyi, kamar duk shekara 2 zuwa 7. In ya ɗumama ana ce mashi El Nino, in ya yi sanyi La Nina. An yi El Nino masu ƙarfi a 1982-83, da 1997-98, da 2015-16. Sau da yawa shekarar El Nino ruwan sama kan ragu a Sahel, La Nina kuma yakan ƙaru. Ku riƙe wannan "sau da yawa" ɗin don Allah, ba kullum ba ne, tunda tekun Atalantika da ke kudu da mu shi ma yana da ta cewa, in ruwan gaɓar Gini ya yi ɗumi sosai hadari kan tsaya can kudu ya ƙi hawowa arewa.

Masana na saka lissafin iska da ruwa da zafin rana cikin manyan kwamfuta, su yanka duniya gida gida, kowane gida faɗinsa wajen kilomita 100, kusan nisan Maradi zuwa Katsina kenan. Kun ga hadarin da ya zuba a Jirataua ya tsallake ƙauyen da ke kusa, kwamfutar ba ta ganinshi ɗaya ɗaya.

Gaskiya lissafin nan na ƙoƙari, yana fito da ɗumi da sanyin teku suna juyawa kamar yadda ake gani a zahiri, kuma in El Nino ya riga ya kankama ana iya faɗin inda ya dosa wata da watanni kafin ya kai ƙarshe. Amma akwai inda yake kuskure kuma masanan da kansu suka faɗa. A Pasifik akwai wani zirin ruwan sanyi da ke tasowa daga gabashin tekun, lissafin yana sa shi ya yi sanyi fiye da kima ya kuma miƙe yamma da yawa. A Atalantika ta wajen Angola da Namibiya yana sa ruwa ya fi gaskiyarshi ɗumi, alhali wannan tekun ne iskar damina ke tasowa daga gare shi ta zo mana.

Wanda ya fi damuna shi ne na lokaci. Hasashen El Nino da aka yi tsakanin Maris da Mayu shi ya fi kowane rauni, kuma daidai lokacin ne muke sharar gona muna neman iri, lokacin ne ma cibiyar AGRHYMET ta Yamai da ƴan meteyo na ƙasashen yankin ke zama su fidda hasashen damina. A 2014 an yi ta jiran babban El Nino bai zo ba sai 2015. Saboda haka in kun ji sanarwa a rediyo cikin Afrilu kar ku ɗauka magana ta ƙare, ku sake kasa kunne a Yuni da Yuli don ana gyara ta. Kuma kar a zuba iri duka a shukar farko, a aje wani, a haɗa da gero mai saurin nuna da wake.

Aikin gida, kowa ya ɗauko kaye. Misali hasashen damina ya ce cikin kashi 100, yiwuwar ruwa da yawa 45, daidai 35, kaɗan 20. Wanne ya fi rinjaye? In ka haɗa 35 da 20 nawa ka samu, ya fi 45 ko bai kai ba? Rubuta layi biyu kan irin da za ka shuka in ka ji wannan sanarwa, ka zo da shi darasi mai zuwa mu karanta tare.