Batirin da ya dace da fitilar leza ta nuni

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman malamai masu nuna rubutu a allo da 'yar fitilar leza. Don Allah ku kula da batirin da kuke saka mata.

Mai jan haske ba ta da ci, batirin AAA guda biyu zai daɗe a cikinta. Koriyar ce mai zuƙar wuta, ita ce za ku ga haskenta ya dushe tun ba a je ko'ina ba. A nan na fi son batiri mai caji na NiMH, irin su Eneloop. Ƙarfinsa volt 1.2 ne maimakon 1.5 na batirin AAA na yau da kullum, don haka a wasu fitilun hasken kan ɗan ragu, amma yana riƙe ƙarfinsa har ya kusa ƙarewa, kuma ba kasafai yake zubar da farin gishirin nan da ke cinye sifirin ba.

Abin da ya fi damuna shi ne batirin 10440. Girmansa ɗaya da AAA, zai shiga ɗas, amma volt 3.7 ne, yana kaiwa 4.2 idan ya cika. Idan kuka saka biyu a fitilar da aka yi don volt 3, nan take za ta iya ƙonewa.

Masu babbar fitila mai cin babban batirin caji na 18650 kuwa, duk batirin da kuka ga an rubuta 9900mAh (wato yawan cajin da yake ɗauka) a jikinsa, jabu ne. Na gaske yakan tsaya wajen 3500.

Ku duba alamar + kafin sakawa, domin a yawancin fitilun nan kan batirin mai alamar + yana kallon murfin baya ne, saɓanin tocilan. Kuma kada a bar yara su haska wa kowa a ido.