Yadda Ake Zana Taswirar Rumbun Bayanai, Daga Littafin Bashin Shago Zuwa Kwamfuta

Kawuna yana sayar da hatsi a babbar kasuwar Garwa: masara, gyaɗa, masakwa, da shinkafar da ke zuwa daga Yagwa. Littafin bashinsa dogo ne mai baƙin bango, gefen shafukansa duk sun yi laushi saboda yawan buɗawa. Ranar da ya ce in mayar masa da shi cikin kwamfuta, na tarar da sunan mutum ɗaya a shafi bakwai, da lambobin waya biyu daban. Na ce, "Kawu, wacce ce lambarsa ta yanzu?" Ya ce, "Ɗana, ai wannan a kaina take." Kwamfuta kuwa ba ta san abin da ke kan kowa ba, sai abin da aka tsara mata. Shi ya sa aikin rumbun bayanai, wato tsararren ma'ajin bayanai a cikin kwamfuta, daga takarda da fensir yake farawa, kuma abin da ake nema shi ne kowane bayani ya samu mazauni ɗaya tak.

Mataki na farko: fitar da abubuwan da harkar ta ƙunsa

Zauna da mai harkar, ka bar shi ya ba ka labarin yininsa, kai kuma kana rubuta sunayen abubuwan da ke ta maimaituwa a bakinsa. A wurin Kawu huɗu suka fito: abokin ciniki, kaya, ciniki, da biya. Kowanne ka zana masa akwati mai kusurwa huɗu, ka rubuta sunansa a sama. Wannan salon zane na abubuwa da dangantakarsu Peter Chen ne ya gabatar da shi a 1976, bayan Edgar Codd na kamfanin IBM ya fito da tsarin ajiye bayanai cikin jadawalai masu alaƙa da juna a 1970. A makarantun da ke koyarwa da Faransanci, a Kamaru da Chadi, za ka fi jin sunan Merise, tsarin da aka ƙirƙiro a Faransa a ƙarshen shekarun 1970, inda ake kiran wannan zanen MCD. Tushen tunanin duk ɗaya ne.

Mataki na biyu: rubuta siffofin kowane akwati, ka ba shi mabuɗi

Cikin akwatin abokin ciniki sai ka jera suna, unguwa, lambar waya. Cikin na kaya: sunan kayan, ma'auninsa, wato buhu ne ko kwano, da farashinsa na yau. Cikin na ciniki: kwanan wata. Cikin na biya: kwanan wata da adadin kuɗi.

Daga nan kowane akwati yana buƙatar siffa guda da ba za ta taɓa maimaituwa ba, wadda ake kira mabuɗi. Kada ka yi amfani da suna. A littafin Kawu akwai mutum uku masu suna ɗaya, biyu daga cikinsu ma unguwarsu ɗaya. Lambar waya ma ba ta dace ba, domin mutane na sauya layi, wani kuma da wayar matarsa ake samunsa. Ba kowa lamba ta kansa, 1, 2, 3, wadda kwamfuta za ta riƙa ƙarawa da kanta, ka ja mata layi a ƙasa a zanenka.

Mataki na uku: ja layukan dangantaka

Tsakanin kowane akwati biyu da ke da alaƙa, ja layi ka rubuta aikatau a tsakiyarsa. A salon Chen ana sa aikatau ɗin cikin zane mai siffar lu'ulu'u, a Merise kuma cikin mai siffar ƙwai. Abokin ciniki yana yin ciniki. Abokin ciniki yana yin biya. Ciniki yana ƙunsar kaya.

Sai ka yi wa kowane gefe tambaya biyu: aƙalla sau nawa, iyaka sau nawa? Abokin ciniki zai iya kasancewa a rubuce bai sayi komai ba tukuna, zai kuma iya yin ciniki ɗari, don haka a gefensa ka rubuta 0,n, wato aƙalla sifili, iyaka kuma da yawa. Shi kuwa ciniki ɗaya dole na mutum ɗaya ne, ba ƙari ba ragi, gefensa 1,1 ke nan. Wasu manhajojin suna nuna "da yawa" da layi mai yatsu uku kamar sawun hankaka, ma'anar ba ta sauya ba. Kada ka amsa waɗannan tambayoyi da kanka. Ni na ɗauka kowane biya na wani ciniki ne takamaimai, sai Kawu ya ce a'a, mutum yakan kawo abin da ya samu ne a rage masa a jimillar abin da ake bin sa. Da ban tambaya ba, da na ɗaure biya a jikin ciniki, tsarin ya saɓa wa yadda kasuwar ke tafiya.

Mataki na huɗu: warware dangantakar da yawa da da yawa

A nan ne mafi yawan masu koyo ke tuntuɓe, don haka bari mu tsaya. Ciniki ɗaya zai iya ƙunsar masara da gyaɗa da shinkafa. Masara kuma tana fitowa a ciniki barkatai. Kowane gefe "da yawa" ne. Wanda bai saba ba sai ya buɗe ginshiƙai, wato jerin gurabun da ke sauka daga sama zuwa ƙasa, a jadawalin ciniki: kaya na ɗaya, kaya na biyu, kaya na uku. To, ranar da wani ya sayi iri huɗu fa? Kuma idan aka ce a lissafa masarar da ta fita a wata, sai an bi ginshiƙan uku ɗaya bayan ɗaya.

Mafita ita ce a saka sabon jadawali a tsakani, mu kira shi layin ciniki. Kowane layi yana ɗauke da lambar ciniki, lambar kaya, adadin da aka ɗauka, da farashin da aka sayar a ranar. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci ƙwarai. Kowa ya san farashin buhun masara da kaka ba shi ne na tsakiyar damina ba. Idan farashi a akwatin kaya kawai yake zaune, duk ranar da ka sauya shi, tsofaffin basussuka za su tashi ko su sauka tare da shi, ka wayi gari kana bin mutum kuɗin da bai ci ba. Wannan haƙƙin mutane ne, kuma a kan takarda ake kare shi tun kafin a rubuta layin umarni ko ɗaya.

Akwai kuma abin da bai kamata ya samu ginshiƙi ba: ragowar bashi. Jimillar layukan cinikin mutum, a cire jimillar biyansa, shi ne ragowar. Bar kwamfuta ta lissafa duk lokacin da aka tambaye ta. In ka ajiye shi daban, wata rana za a shigar da biya a manta ba a gyara shi ba, a samu amsa biyu kan tambaya ɗaya.

Mataki na biyar: mayar da zane jadawalai

Kowane akwati ya zama jadawali, kowace siffa ta zama ginshiƙi. Inda dangantaka take ɗaya da da yawa, gefen 1,1 ne ke ɗaukar mabuɗin ɗayan, wato jadawalin ciniki da na biya kowanne ya samu ginshiƙin lambar abokin ciniki. Ga ƙaramin shago, manhajojin rumbun bayanai irin su SQLite ko Microsoft Access sun wadatar.

Lambar waya ka ajiye ta a matsayin rubutu, ba adadi ba. Ta Kamaru lambobi 9 ce bayan +237, ta Chadi 8 bayan +235, ta Najeriya kuma da sifili take farawa idan ana kira a cikin ƙasa, kuma ginshiƙin adadi yana yar da sifilin farko. Kawu yana da abokan ciniki daga ƙasashen uku. Kuɗi kuwa cikakken adadi na sefa, ba ɗigo.

Mataki na shida: san inda bayaninka yake zaune a cikin na'ura

Kwamfuta tana da ma'aji iri biyu da ya kamata ka bambance. Akwai RAM, wadda take kamar tabarmar da ake baza kaya a kai da rana: kusa take, hannu na kaiwa nan take, amma wutar lantarki ce ke riƙe da abin da ke cikinta, wuta na ɗaukewa ta koma fayau. Akwai kuma faifan ajiya, ko tsohon mai juyawa ko SSD, wanda yake kamar sito: ya fi nisa, ya fi faɗi, kuma abin da aka sa a ciki yana nan ko an kashe na'ura. Tsakanin RAM da ƙwaƙwalwar sarrafawa akwai wata 'yar ma'ajiya da ta fi RAM sauri, amma ita wannan, kwamfutar ce ke kula da ita da kanta.

Ma'aunin duka shi ne bayit, wanda ya ƙunshi bit 8. A tsarin ajiye haruffa na UTF-8 harafin boko na yau da kullum bayit ɗaya yake ci, haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, biyu-biyu. Ka zaɓi UTF-8 tun farko, in ba haka ba sunaye masu waɗannan haruffa su fito da alamar tambaya. Maganar girma kada ta dame ka: layi 10,000, kowanne bayit 100, bayit miliyan ɗaya ne, wajen megabayit ɗaya, bai kai hoto guda na wayar zamani ba.

Abin damuwar shi ne wuta. Mu da ke Garwa mun san yadda take yi da bazara idan ruwan madatsar Lagdo ya ja baya. Duk abin da ka buga amma ba ka adana ba, a RAM yake. Ciniki ɗaya kuma rubutu ne a jadawali biyu, na ciniki da na layin ciniki. Saboda haka a dunƙule su cikin ma'amala guda, a buɗe da umarnin BEGIN a rufe da COMMIT, yadda ko dai duka su shiga faifai ko kuma babu wanda ya shiga. Idan kwamfutar tebur ce, a haɗa mata batirin nan da masu gyara ke kira ondila, wanda ke ba da 'yan mintunan kammalawa a kashe ta lafiya.

Kowace yamma kafin a rufe shago, ɗan Kawu yana kwafar fayil ɗin rumbun a filashi, ya sa kwanan wata a sunansa, ya tafi da filashin gida a aljihu. Takardar zanen kuma tana manne a cikin bangon tsohon littafin, kuma duk ranar da za a ƙara wani abu, kamar jadawalin dillalan da ke kawo kaya daga ƙauye da muka ƙara daga baya, a kanta ake fara zana shi.